Haƙorin Kawu

Laraba, bayan isha'i.

Yau ban buɗe shago ba. Tun da farar safiya Inna ta kira ni ta ce in je unguwar Bagalam in duba ƙanenta, jiya bai iya cin tuwo ba, koko ma da ƙyar ya sha.

Kawu ya daɗe yana fama da turminsa na ƙasa, gefen hagu. Ya cusa kanumfari a ramin, ya kurkure da ruwan gishiri, ya sayi kafso wajen masu tallan magani a tire. Makon jiya ciwon ya ɗauke cak, har yake gaya wa mutanen majalisa tsutsar ta mutu. Yau na tarar da shi zaune a tabarma, ya kasa kwanciya. Ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura ya yi tauri, jiki zafi rau, yana ta share yawu da hannun riga saboda haɗiya ta gagara. Muryar ma ta sake.

Na ce, "Kawu, ku tashi mu je asibiti."

Ya ce, "Sanyin hunturu ne, ɗana. Haƙorin ai ya bar ciwo."

Ban tsaya musu ba, na tare adaidaita.

Lokotoron haƙori ya ce ya buɗe baki, bakin ya ƙi. Ya ce mai lafiya yatsu uku ke shiga tsakanin haƙoransa na gaba a tsaye. Na Kawu ɗaya ne da ƙyar. Ya taɓa wuyan, ya leƙa ƙarƙashin harshe da tocila, ya tambaya ko akwai ciwon suga. Akwai. Nan take ya ce ba inda za mu, sai a ba shi gado.

Bayanin da ya yi mini a bakin ƙofa shi ne ya sa na zauna rubutu da wannan gajiyar. A tsakiyar kowane haƙori akwai jijiya. Rami in ya kai gare ta, shi ne zugin da ke hana barci. In aka bar shi, jijiyar ta mutu, mataccen abu kuwa ba ya jin zafi, shi ya sa ciwon ke ɗaukewa. Ƙwayoyin cuta suna nan, sun bi saiwa sun gangara, suna tara mugunya a ƙashin muƙamuƙi. Turamen ƙasa na can baya saiwarsu na da zurfi, don haka mugunyar kan ɓulla ta ƙarƙashin harshe da haɓa, ta tura harshe sama da baya har ta matse hanyar numfashi. Na sama kuma wajen ido suke nufa. Ya ce kumburin da ya sauka wuya ko ya hau ido, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya da numfashi suka yi wuya, ko masassara ta haɗu da kumburi, ba a jiran gari ya waye, ko tsakar dare ne a taho. Mai suga kuwa abin ya fi saurin cin jikinsa.

Na tambaye shi kafson fa? Ya ce magani ba ya shiga cikin mataccen haƙori, tunda jini ya daina zuwa can. Yakan lafar da kumburi na ɗan lokaci, amma muddin ba a fitar da mugunyar an cire haƙorin ko an wanke cikinsa ba, abin zai dawo. Ni abin da ke ba ni haushi masu cire tsutsa ne a kasuwa. Babu wata tsutsa a haƙori, amma kullum sai ka ga mutane sun yi musu da'ira, wasu har ruwan batir suke ɗigawa a rami su ƙone dasashi.

Ina jiran takardar magani a benci wata mata ta shigo da yaro ɗan makaranta, ya faɗi wajen ƙwallo haƙorin gaba ya fita ɗungurungum. Ta wanke shi da sabulu ta ƙunshe a takarda tun jiya. Malamar asibitin ta ce, "Ayya, Hajiya, da kin sa shi a madara kin kawo cikin awa ɗaya, da an gwada maida shi." Ta ce ta kai ake riƙe shi, ba a goge saiwar, kuma na manya kaɗai ake mayarwa, ban da na yarinta da ke faɗuwa da kansu. Matar ta yi shiru, yaron kuwa ƙwallonsa yake tambaya.

Bayan azahar aka sa wa Kawu ƙarin ruwa da allurai, da la'asar aka shiga da shi aka tsaga ƙarƙashin haɓar aka sa ɗan bututu. Turmin ma ya fita. Sun ce sai sugan ya sauka kumburin ya saɓe kafin a yi zancen sallama.

Inna ce za ta kwana wajensa. Gobe da sassafe zan kai kunu marar sukari, sannan in biya farmasi, allura ɗaya ba a samu ba yau. Masu ɗinkin bikin Juma'a sun kira har na gaji da ba da haƙuri.