Abin da ke kashe rassan dashe a cikin ɗaki

Laraba, tsakiyar hunturu.

Da safe na duba rassan ɗoɗɗoya, na'a-na'a da lalle da ke jere a ɗakin reno. Waɗanda suka mutu iri biyu ne: wasu sun yi yaushi sun bushe tun daga sama, wasu kuma gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Duka biyun maganar ruwa ce.

Reshen da aka yanko ba shi da saiwa, amma ganyensa bai daina fitar da ruwa ba. Busasshiyar iskar hunturu, ko fanka, kan zuƙe shi cikin 'yan awoyi. Da mai dashe ya ga yaushi sai ya ƙara kwarara ruwa a gindi, alhali babu saiwar da za ta sha. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, iska ta kasa ratsa ta, fumfuna ta kama bakin yankan. A iskar da ke kewaye da ganye ake son danshi, kamar kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Ƙasar kuwa laima kawai take so: in ka matsa ta a hannu ta dunƙule, kada ruwa ya tsiyayo.

Kafin rana ta ɗaga na yanko sababbi, daga uwayen da aka shayar tun jiya. Tsawon kowanne santimita 10 zuwa 15, yankan a karkace, daf da ƙasan gaɓa, wato inda ganye ke fitowa a jikin kara, don nan ne saiwa ta fi saurin fitowa. Reza sabuwa, an goge ta da sifirit. Wuƙa mai dakushi murƙushe kara take yi, daga nan ruɓa ke farawa. A cire ganyen ƙasa da duk wani fure, a bar ganye 2 zuwa 4 a sama, manya a rage musu rabi. Kada reshe ya jira a fili, a tsoma shi a ruwa nan take.

Ƙasar da na dasa su a ciki: rairayin rafi wankakke rabi, ƙonannen ɓuntun shinkafa rabi, a kofi mai huji a gindi. Taki kam babu, ko na zamani ko kashin kaji, sai saiwa ta fito, domin gishirinsa janye ruwa yake daga jikin reshen.

Na kifa wa kowanne rabin gorar roba don ta riƙe danshin iska. Wurinsu kusa da taga mai haske, ba inda rana ke dukan gorar ba, don zafi zai dafa su. Kullum a buɗe kamar minti 10 iska ta sauya.

Abin da aka fi mantawa shi ne sanyin siminti da dare. Saiwa ta fi son ɗumi na digiri 21 zuwa 25 a ma'aunin Celsius, ƙasa da haka sai ta yi nawa, ruɓa ta riga ta. Da yamma na ɗora kofunan a kan katako.

Ɗoɗɗoya da na'a-na'a kan yi saiwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, lalle ya fi su jinkiri sosai. Kada a tuge don a gani. In sabon toho ya fito, a riƙa ɗaga gorar kaɗan-kaɗan tsawon kwana 4 ko 5 kafin a cire ta gaba ɗaya.