Gurmi da jita a wani tsakar gida a Birni

Ɗan ƙanwata ne ya matsa mini sai na je na ji abokansa, ni kuwa na daɗe ina ja da baya, domin a zatona irin waƙoƙin situdiyon nan ne da ake ɗora murya a kan fiyano, na'ura ta gyara ta har mai ita ya kasa gane kansa. Bayan sallar isha'i muka bi lungunan Birni, muka ratsa tsakanin duwatsun da suka tokare gidaje, muka shiga wani tsakar gida da ba shi da nisa da fadar Sarkin Damagaram. An shimfiɗa tabarmi uku, an ɗora shayi a kan gawayi kamar yadda ake yi a kowace fada ta samari a garin nan, kuma ba a ja waya ko ɗaya ba, saboda babu abin da zai ci kuran a cikin kayan kiɗansu.

Su biyar ne, kuma har yanzu ba su tsayar da sunan da za a riƙa kiransu da shi ba. Ɗaya yana kaɗa gurmi, ɗaya jita ta katako, ɗaya ya kife ƙwarya a kan bargo yana bugunta da zobba a yatsunsa, ɗaya yana riƙe da kalangu, na biyar shi ne mai waƙa, sauran suna yi masa amshi. Biyu daga cikinsu ɗalibai ne a Jami'ar André Salifou, mai ƙwaryar kuma tela ne a Kasuwar Dole.

Waƙoƙi bakwai suka yi a daren, dukansu nasu ne, kuma babu ko ɗaya da aka wasa wani mai kuɗi ko mai mulki a cikinta. Wanda ya tashi a Damagaram ya san girman wannan al'amari. Kiɗanmu na gado yana da ubangida: kakaki da algaita da tambari na sarki ne, mahauta suna da makaɗansu, 'yan kokawa suna da nasu, makaɗin biki kuma yana bin sunayen masu liƙi ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan yara sun ɗauki kayan kiɗan, sun bar roƙon, sai ya zamana baitin da kansa ne zai riƙe mai sauraro, tunda ba sunan kowa ake jira a ji ba.

Wadda ta fi kama ni ita ce waƙar ruwa. Zinder, wato Damagaram, a kan dutse take zaune, shi ya sa rijiya ba ta yin albarka a cikin gari, kuma duk wanda ya yi bazara a nan ya san layin jarkoki a bakin famfo da tsakar dare da kuma yadda farashin 'yan ga-ruwa yake hawa idan zafi ya tsananta. Mai waƙar bai zagi kowa ba, bai kuma yi wa'azi ba. Ya ɗauki muryar yarinyar da aka tasa da asuba ta je ta kama layi, yana ƙirga jarkokin da ke gabanta, 'yan amshi suna maimaita adadin, adadin yana raguwa baiti bayan baiti, har ya rage saura ɗaya, sannan famfon ya ɗauke. A daidai wurin mai ƙwarya ya tsaya cak, gurmi kaɗai ya ci gaba. Wata dattijuwa da ke zaune a bakin ƙofar ɗaki ta yi dariya mai ɗaci, ta ce wannan ai labarin jikarta ne. Akwai wata kuma a kan matan yankin Kance da suke ɗaukar 'ya'yansu su nufi Aljeriya ta hanyar Agadas, wadda aka rera a hankali ƙwarai, ba tare da kalangu ba.

Mai gurmin ya gaya mini cewa a faifan marigayi Malam Maman Barka ya fara koyo, yana saurare yana kwaikwayo. Wannan ya yi mini daɗi, domin Barka ɗan Tesker ne a jiharmu, malamin makaranta ne kafin gurmi ya fitar da sunansa, daga baya kuma ya tafi bakin Tafkin Chadi ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Ya rasu a 2018, kuma ban taɓa zaton zan ji hannunsa a yatsun yaron da bai taɓa ganinsa ido da ido ba.

Suna da gyara, kuma na faɗa musu. Mai jitar ya sha kiɗan Agadas har ya ƙoshi, abin da ba laifi ba ne, amma idan ya shiga salon nan na Abzinawa sai ya danne gurmin, wanda muryarsa siririya ce, waƙar ta tashi daga Damagaram ta koma arewa. A waƙoƙi biyu na soyayya kuma kalmomin sun yi araha, irin waɗanda ake ji a kowace salula. Da na faɗi haka, mai waƙar ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, waɗannan su ne 'yan mata suke tambaya.” Ban sami amsar da zan ba shi ba.

Tambayar da na dawo gida da ita ta abinci ce. Makaɗin da ba ya roƙo, ba ya kuma zuwa biki da lasifika, daga ina zai samu kuɗin tsirkiya da fatar kalangu? A yanzu suna ɗaukar waƙoƙin da salula a cikin ɗaki, su rufe taga da bargo saboda ƙarar babura, su tura ta WhatsApp, mutane suna yaɗawa kyauta. A daren an zagaya da ƙoƙo, abin da aka tara bai wuce jika huɗu ba, rabinsa kuma ya tafi a sukari da ganyen shayi. Sun ce suna so su haɗa waƙoƙi goma kafin azumi su kai gidajen rediyon garin, kuma na yi musu alkawarin aron ɗakin zaurena ranar Alhamis da dare, tunda bangonsa na ƙasa ne, ba ya mayar da amo.