Ranar da Na Gudu, Maigidana Ya Tsaya

Ina da shekara 16 aka kai ni koyon kanikanci a wani gareji a Kano. Kafin nan, duk abin da na sani game da wutar mota a gidan kallo na koye shi. Mukan biya kuɗi mu jeru a kan benci, mu ga akta ya ɗirka wa motar bos harsashi ɗaya, sai ta yi sama kamar an cilla ta, wuta ta turnuƙe, shi kuwa ya juya yana tafiyarsa ko waiwaye babu. Mota ta faɗa rami, ta fashe. Ta daki bango, ta fashe. Mun gani ya fi a ƙirga, har ya zauna mana a rai cewa halin mota ke nan.

Wata na huɗu a garejin aka kawo wata tsohuwar motar haya. Tiyon mai ya tsage, yana ɗiga a kan bututun salansa, ba wanda ya lura. Ana tayar da ita, ba a jima ba sai hayaƙi, sai harshen wuta ya leƙo ta gefen bonet. Na watsar da sifanar da ke hannuna, na ruga ina ihu cewa za ta fashe. Sai da na kai bakin titi na waiwaya, na hangi maigidana yana nan inda na bar shi. Ya kashe makulli, ya ja igiyar bonet, ya bar shi a ɗage kamar faɗin yatsu huɗu, ya zura bakin tukunyar kashe gobara ta wannan 'yar kafa ya fesa garin da ke cikinta. Minti ɗaya bai cika ba wuta ta mutu. Sannan ya cire kan batir.

Bai yi mini faɗa ba. Da yamma, bayan sallar la'asar, ya kira ni. "Zo nan, ɗan nan. Motar jiya da ta ƙi tashi, me ya same ta?" Na ce, "Oga, mai ta sha, fulogi duk sun jiƙe." Ya ce, "To, injin da aka ƙera shi don ƙona fetur, ga tartsatsi ana ba shi, ya ƙi kamawa saboda mai ya rinjayi iska. Ina ga tankin da ke rufe, babu iska a ciki?" Ya ƙara da cewa da ya ɗaga bonet ɗin gaba ɗaya, da ya ba wutar abin da take nema, da kuma ta taso masa a fuska.

Shekaru bayan haka, da na shiga ajin yamma a makarantar koyon sana'a, na tarar da maganarsa a allo, an sa mata lissafi. Ruwan fetur ba ya cin wuta, tururinsa ne ke ci. Shi ma tururin ba ya kamawa sai ya kasance tsakanin kashi 1.4 da kashi 7.6 cikin 100 na iskar wurin. In ya gaza haka ba zai kama ba, in ya zarce ma ba zai kama ba. A cikin tanki mai fetur, tururin ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Injin kansa yana son nauyin iska 14.7 a kan nauyin fetur 1, kuma aikin kafireta ko injekta ke nan dare da rana, su haɗa wannan awo daidai. Abin da injiniyoyi suka sha wahala kafin su daidaita, shi fim yake nuna mana yana faruwa da kansa duk sanda mota ta yi karo.

Yadda masu shirya fim suke haɗa tasu wutar ma sana'a ce mai zaman kanta, kuma ina girmama masu yin ta. Sukan cire tanki, sau da yawa har da injin, su sassauta ƙofofi da bonet don su yi saurin tashi. Sai su dasa tukwanen ƙarfe a cikin motar, albarushi a ƙasa, fetur a leda a sama, su ja waya zuwa nesa. Da an danna, albarushin ya watsa fetur ɗin sama ya zama feshi, ya cakuɗa da iska, ya kama gaba ɗaya. Wannan jan dunƙulen wuta da muke tafa wa ke nan. In ana son mota ta wuntsila, akwai bututun da ake ɗaurawa a ƙarƙashinta, iskar da aka matse ta harba sanda ƙasa, motar ta yi sama. Ana ɗauka da kyamarori da yawa, a rage gudun hoton, ƙarar kuma a ɗora ta daga baya. Shi ya sa ko fashewar tana can bayan gari, kana gani kana ji a lokaci guda, alhali ƙara mita 340 kawai take ci a daƙiƙa, kuma duk wanda ya ga walƙiya da damina ya san sai an jima tsawa ke isowa. Haka batun mutumin da harsashi ke ɗagawa ya maka da bango: mafarauci mai bindigar toka ya san turin da take yi masa a kafaɗa, kuma turin da harsashin ya tafi da shi bai fi wannan ba. Harsashin da ya samu tanki kuwa, huda shi yake yi, mai ya riƙa tsiyaya.

Wutar mota ta gaskiya ba ta zuwa da wannan ado. Yawanci a wajen injin take farawa, ko a wayoyin da ke bayan sitiyari. Na ga da yawa da aka jawo su da hannu: fiyus ya ƙone an naɗa waya a gurbinsa, an ƙara fitilu ko manyan sifiku an ja wuta kai tsaye daga batir. Takan fara da wari, sai hayaƙi, sai ta ci roba tana matsowa. Cikin 'yan mintoci ta shiga inda mutane ke zama, ta samu soson kujeru, nan ne baƙin hayaƙi mai guba ke cika motar, wanda kan sumar da mutum kafin wuta ta taɓa shi. Ƙarar da ake ji, fam, fam, tayoyi ne ke fashewa, da 'yan sandunan da ke riƙe murfin but, da jakar iskan sitiyari. Suna iya jefo ƙarfe su ji wa mutum ciwo, don haka ba a tsayawa dab da gaba ko bayan motar da ke ci. Tankin motocin yanzu galibi roba ne, narkewa yake yi, mai ya zubo ƙasa, wuta ta bi shi tana malala. Ko a Amurka, da kamfanin Ford ya janye motocin Pinto kusan miliyan 1.5 a 1978 don a gyara su, matsalar ita ce tankin yana tsagewa in an daki motar ta baya, mai ya watsu, wuta ta kama mutane a ciki.

Abin da ya sa nake ɗaukar wannan magana da zafi shi ne wani haɗari da na tarar a hanyar Zariya. Ƙaramar mota ce ta ƙwace ta kife a gefen titi. Farin tururi na tashi daga gabanta, jama'a sun yi cirko-cirko daga nesa, ana ta cewa kada kowa ya matsa, yanzu za ta tashi. Ruwan lagireto ne kawai ke zuba a kan injin mai zafi. Akwai mace da yaro a baya suna kuka. Kafin in ƙarasa, wasu samari biyu, da kyakkyawar niyya, sun fizgo direban ta taga suna jan sa a ƙasa da gudu, don su tsere wa fashewar da ba za ta zo ba. Mutumin yana ta cewa wuyansa. Har yau in na tuna nakan ji ba daɗi. Daga baya wani jami'in kiyaye haɗura ya koya mini ƙa'idar: in akwai wuta ko warin fetur mai ƙarfi, a fitar da mutum ko ta yaya, da sauri. In babu, a kashe injin, a riƙe masa kai da wuya kada su motsa, a kira 122, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura ta Najeriya. Tsoro iri ɗaya ne ya hana waɗancan matsowa, ya kuma sa waɗannan garaje, kuma dukkanmu wuri ɗaya muka koyo shi.

Abin da ke fashewa da gaske, fim bai cika nuna shi ba, don ba shi da kyan gani. Durom ɗin da aka juye fetur ɗinsa, wanda kowa ke cewa ai babu komai a ciki, shi ne mai kisa. Iska ta shiga, ragowar tururi na nan, awon nan ya haɗu, mai walda ya ɗora masa wuta. Tukunyar gas ɗin mota, wadda mutane suka koma wa tun da aka cire tallafin mai a 2023, tana ɗauke da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 200, don haka tukunyar da aka haɗa da walda a bayan layi ba abin sakawa a mota ba ce.

Sai kuma fetur da ya zube a fili. Yana fitar da tururi tun a sanyin digiri 43 ƙasa da sifili, balle a zafinmu. Tururin ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi, ya kwanta a kwalbati da rami, ido ba ya ganin sa. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, mai ya malala a magudanar ruwa, mutane suka fito da jarkoki da bokitai. Fiye da mutum 150 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu 2025 aka sake yi a mararrabar Dikko a jihar Neja, sama da mutum 80. A Yamai ma an yi irinsa a watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin sama. Allah ya jiƙansu. Ba na zargin su, lita tana wajen naira 1,000 a lokacin Majiya, kuma na san abin da babu ke sa mutum. Amma na tabbata da yawansu sun duba ba su ga wuta ba, ba su ga hayaƙi ba, suka ɗauka da sauran lokaci, alhali suna tsaye tsundum a cikin abin da tartsatsi ɗaya ya ishe shi.

Yanzu ina da nawa garejin, da yara shida. Duk wanda aka kawo, kafin ya taɓa sifana, nakan sa ya durƙusa a bakin ramin da muke shiga ƙarƙashin mota, ya shinshina, in gaya masa in ya ji warin mai a nan kada ya sauka, kada ya kunna komai. Nakan nuna masa bokitin yashi, in faɗa masa ba a zuba wa wutar fetur ruwa, don man yana hawa kan ruwan ya tafi da wutar inda ba ta kai ba. Kowa sai ya riƙe tukunyar kashe gobara da hannunsa ya zare fil ɗin ya ga yadda take. Tanki ko durom da za a kai wa mai walda kuwa, sai an wanke shi an cika shi da ruwa tukuna, kuma ni da kaina nake tsayawa a kai har in ga ruwan ya zubo ta baki.