Idon da na rufe na mako huɗu

Manomi ne zabiya daga wani ƙauye na jihar Tawa, ƙanensa ya kawo shi Yamai da miki a fatar ƙasa ta idonsa na dama, mikin da ya shekara yana ɓawo yana ɓarewa. Awon nama ya tabbatar sankarar fata ce, wadda zafin rana ke yawan jawo wa zabiya. Da na yanke ta tare da ɗan lafiyayyen naman da ke kewaye, fiye da rabin fatar idon ya tafi.

Da giɓin bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, da bakin biyu kawai zan haɗa in ɗinke. Fatar ido shimfiɗa biyu ce, ta waje fata da tsoka, ta ciki nama mai tauri da ke tsayar da ita, kuma tilas ɗaya ta zo da jininta, domin dashe ba ya kamawa a kan dashe. Saboda haka na bi hanyar da Wendell Hughes ya fara bayyanawa a 1937, yadda aka gyara ta daga baya: na ɗebo shimfiɗar ciki daga fatar sama, na bar milimita 4 a bakinta, na jawo ta ƙasa ba tare da na tsinke ta ba, sannan na lulluɓe ta da fatar bayan kunne. Wannan aiki yana barin ido a rufe har sai jini ya kama.

Ɗinkin ya yi kyau, amma na yi kuskure tun kafin in ɗauki wuƙa, domin ban auna idon hagu da kyau ba, alhali na san ganin zabiya mai rauni ne, kuma ashe da na dama yake rayuwa. Washegari na iske shi zaune bakin gado, ya kasa kai kansa makewayi.

"Likita, ba ka ce mini makancewa zan yi ba," in ji shi.

"Ka gafarce ni, Baba, laifina ne. Zan buɗe shi, in sha Allah."

Ƙanen ya zauna jinya mako huɗu a daidai lokacin shuka, abin da har yau yake ci mini rai. Tun daga nan, duk wanda zan yi wa wannan tiyata sai na fara rufe masa idon da auduga, ya yi tafiya a gabana, sannan mu zaɓi hanya da lokaci tare da danginsa.

Da na raba fatun biyu, ta ƙasa ta kwanta a jikin ƙwayar ido ba ta juyo waje ba, sai dai gashi ba zai sake tsirowa a wurin ba. Ya koma gida da malafa mai faɗi da baƙin tabarau, na kuma roƙi ƙanen ya dawo da shi bayan girbi, saboda wani tabo mai kaushi da na gani a kuncinsa.