Talata a Daura: tanka ta riga mu gidan mai

Ruwan daren jiya ya jiƙa ƙasa, saboda haka tun asuba masu gonaki suke ta kira, kowa na son a yi masa haro kafin laima ta gudu. Aikin yau a wajen Sandamu yake, tarakta kuwa ba gas.

Da muka isa gidan mai sai muka tarar da tanka tana sauke kaya. Direbana har ya shiga layi, na ce ya fito. Ya ce, "Alhaji, sabon mai ne fa." Na ce ai shi ne abin gudun. Tankin da ke ƙarƙashin ƙasa yana tara ruwa da tsatsa da laka a gindinsa. Idan sabon mai ya zubo da ƙarfi sai ya tayar da su duka, wanda ya fara sha shi zai kwashe. Sai an bar shi sa'o'i ya kwanta. Yaron famfo ya ce suna da filta mai tace man. Wataƙila, amma ban taɓa ganin ranar da ake canza ta ba.

Muka wuce garejin makanikenmu, can na ga abin da ya ƙara min ƙarfin gwiwa. Wata tifa mai ɗaukar yashi ce aka jawo, ta mutu a hanyar Mai'aduwa bayan an zuba mata gas ɗin jarka daga 'yan bumburutu. Ogan garejin ya tsiyayo man cikin gorar ruwa, ya ɗaga ta a rana. Sama gas, ƙasa ruwa ya kwanta kaurin yatsa biyu, tsakaninsu wani baƙin abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya yanka filtar da zarto ya buɗe takardar ciki, ta toshe da jan gari. Ya shinshina yatsansa ya ce har da kalanzir a ciki.

Wannan algus ɗin shi ya fi ba ni tsoro. Famfon injekta da nozul, masu tura mai cikin inji, daga gas ɗin kansa suke samun santsi. Kalanzir ba shi da wannan maiƙon, ruwa kuma tsatsa yake kawowa, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Mai tifar yana zaune a benci ya yi tagumi, don gyaran famfo ba na nan ba ne, sai an kai Kano. Mutane sun yi ta surutu a 2022 lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur, hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur ta fito ta yi bayani. Na gas kuwa ba mai jin labarinsa, a gareji yake ƙarewa.

Ba kullum laifin mai sayarwa ba ne, a faɗi gaskiya. Tankin tarakta da ya kwana rabi yana yin gumi daga ciki idan sanyin dare ya sauka, musamman yanzu da damina. Duron da aka bari a tsaye a waje kuma ruwa na taruwa a kansa ya sulale ta bakin murfi.

Mai gonar da za mu yi wa haro ya kira yana faɗa, na ba shi haƙuri: "Baba, gara mu makara yau da mu yi mako a gareji." Bai gamsu ba.

Bayan la'asar muka koma gidan man. Na sa aka fara zubawa a gora, ya fito garau, sannan aka cika tanki da duro ɗaya. Duron mun jingine shi a karkace cikin rumfa, ba za a taɓa shi ba sai gobe, kuma daga sama za a zuƙa, ta mazurari mai raga. Na gaya wa direba ya kwance ƙaramin kofin da ke ƙarƙashin filta ya zubar da ruwan kafin ya tayar da inji. Gonar Baba za mu fara yi, da ƙarfe shida.