Me ya sa shaf ɗin injin markaɗe ke karyewa a kafaɗa?

Masu injin markaɗe a Mile 12 da Agege, a Legas, sukan ɗora laifin karyewar shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya injin, a kan ƙarfe, su ce jabu aka sayar musu. Sau da yawa ƙarfen lafiyarsa ƙalau. Gajiya ce ta ci shi, kuma tun wurin sassaƙa aka buɗe mata ƙofa.

Bel yana jan fuli gefe guda ne kullum, shi kuwa shaf juyawa yake. Don haka a kowane zagaye, gefen da ya miƙe sai ya koma ya matse. Shaf mai juyi 1,450 a minti yana cika zagaye miliyan ɗaya cikin awa 11 da rabi. Tun ƙarni na 19 August Wöhler ya nuna da gatarin jirgin ƙasa cewa irin wannan lanƙwasa tana karya ƙarfe da nauyin da bai kai ya karya shi a tashi ɗaya ba.

Ƙarfe irin EN8 yana tsinkewa a wajen megafaskal 600 (megafaskal ma'aunin matsi ne). Raba biyu, 300 ke nan iyakar juriyarsa, wato matsin da zai yi ta ɗauka yana juyawa ba tare da gajiya ta karya shi ba, amma a samfurin da aka goge sumul. Kaushin sassaƙa da kauri sukan mayar da ita wajen 200.

Kafaɗa, wato inda kauri ya sauya domin zaman boris (zoben da shaf ke juyawa a cikinsa), nan ce matattarar ɓarna. Idan aka bar lungunta da kaifi, matsi yakan ninka kusan sau 2.7. A zagaye shi da radiyos kashi ɗaya cikin goma na kaurin shaf, sai ya sauko 1.7. In gefen boris ya hana, a sa zobe tsakaninsu; bai kamata a sadaukar da lungun don sauƙin ɗauri ba. Ramin ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf, shi ma yana ninka matsi kusan biyu, kada ya ƙare dab da kafaɗa.

A matso da fuli kusa da boris, a daina ɗaure bel tamau. Idan kuma aka ƙara kaurin shaf daga milimita 25 zuwa 30, matsin lanƙwasa yana raguwa da kashi 42 cikin ɗari.

Sai tsatsa. Da laimar Legas da ruwan tumatir, kowane ɗan rami mafarin tsagewa ne, kuma ƙarfen da ke tsatsa ba shi da tabbatacciyar iyakar juriya. A shafa giris, a kare shi daga ruwa. Shaf da ya tsage kuwa a sassaƙa sabo, kada a yi masa walda, domin gefen walda ne zai fara buɗewa.