Gyambon da na kusa kira tunjere

Shekarar farko da aka tura ni aiki wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Gabashin Ghana, ni 'yar zangon Kumasi da ban taɓa kwana inda babu wuta ba, wata tsohuwa ta kawo jikanta ɗan shekara 8 da gyambo a ƙwauri, ya tsiro kamar nama ya yi ɓawo rawaya-rawaya, kuma yaron ko a jikinsa, wasa ma yake. Na wanke na ɗaure, sai karambani ya sa na ɗiga jininsa a abin gwajin tunjere da muke wa masu ciki. Layi biyu, wato gwajin ya nuna akwai cutar. Wallahi gabana ya faɗi, yaro ƙarami da ciwon da ake ɗauka ta wajen kwanciya? Har na fara harhaɗa yadda zan tambayi tsohuwar waye ke zama da shi a gida, na fara zargin mutanen da ban taɓa gani ba.

Allah ya taimake ni na fara nuna wa babbar nas ɗinmu. Ta leƙa ƙafar kawai ta ce "'yata, ajiye wannan zargin, yaws ne." Na ce Anti ai gwaji ya nuna, ta ce gwajin bai san bambanci ba. Kuma gaskiyarta, ƙwayar cutar 'yar gida ɗaya ce da ta tunjere, duk Treponema pallidum ne, ita wannan reshen pertenue, jini ba ya raba su, sai dai shekarun mara lafiya da kamannin gyambon da garin da ya fito su gaya maka. Mun yi ta a makaranta fa, shafi guda, na haddace na ci jarrabawa na manta.

Ba ruwanta da kwanciya. Fata da fata ne, yaro mai ƙurji ya yi kokawa ko ƙwallo da wani mai ɗan karce a ƙafa shi ke nan, bayan kamar sati 3 abu ya fito, wani lokacin ma har wata 3, shi ya sa kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na masu ita yara ne 'yan ƙasa da 15. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gyambon farko yakan warke da kansa, iyaye su ce maganin gargajiya ya yi aiki, alhali cutar ta shige ciki ta kwanta, daga baya ta dawo da ƙuraje a jiki, ciwon ƙashi da dare, yatsu su kumbura, tafin ƙafa ya tsattsage har yaro ya riƙa tafiya a karkace kamar ƙaguwa. In aka bar ta shekaru tana iya lanƙwasa ƙwauri ko ta cinye hanci. Akwai wani dattijo a ƙauyen da na ɗauka kuturta ce ta taɓa shi, ashe ita ce.

Maganin kuwa har haushi yake ba ni don sauƙinsa, azithromycin sha ɗaya tak, miligiram 30 kan kowane kilo na nauyin yaro, kar ya wuce giram 2. A da, da allurar penisilin ake yi, da ita WHO da UNICEF suka bi ƙasashe 46 daga 1952 zuwa 1964 suka rage cutar da kusan kashi 95, sai aka saki jiki ta dawo. Indiya dai ta rabu da ita, an tabbatar a 2016. Mu a Ghana har yanzu muna fama, haka Kamaru da Papua New Guinea.

Ni da na ba yaron maganinsa na ɗauka an gama, Anti ta ce ɗauko jaka, sai mun bi 'yan gidansu da 'yan ajinsu mun ba kowa, har wanda fatarsa sumul take, don mai ɗauke da ita a ɓoye shi zai sake rabawa. Ta kuma ja min kunne kar in riƙa kiran kowane gyambo yaws, akwai wata ƙwayar Haemophilus ducreyi mai yin irinsa sak.

Bayan sati 4 tsohuwar ta dawo da shi, wurin ya bushe sai tabo. Tare da su akwai abokinsa da ya tafi gonar koko da babansa ranar da muka je makarantar, yana ɗingishi, da nasa a idon sawu.